Kaburbura Tara a Bakin Kududdufi

Ni ɗan kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Tumatir, kabeji, karas, dankalin Turawa, duk abin da lambu ya bayar nakan saya in loda wa mutanen Kano da Legas da Fatakwal. Rubutu ba sana'ata ba ce. 'Yata da ke karatu a Abuja ce ta sa ni gaba, wai duk ranar da na kwanta dama shi ke nan, babu wanda zai san inda muka fito. Na ce mata ai ni ma a bakin tsohuwa na ji. Ta ce, “To Baba, ina tsohuwar take yanzu?” Na rasa ta cewa. Shi ya sa na ɗauki 'yan dararen nan bayan sallar isha'i ina rubutawa.

Ina ɗan shekara uku aka yaye ni daga ɗakin Inna aka kai ni ɗakin Kaka, wadda ta haifi babana. A can na girma. “Maigida” take ce mini, kullum tana ƙorafin ta auri rago, ba cefane ba kuɗin zane. Duk daren Juma'a sai ta jiƙa gero ta daka gumba, ta mulmula ta jera a faifai. Kafin a kira yara a raba, sai ta zauna bakin gado ta buɗe tafin hannunta tana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, tana kiran mutane. Ina yaro na ɗauka masu bin ta bashi take lissafawa. Sai da na yi wayo na gane mamatanta ne, kuma ba yadda ta ga dama take jero su ba, yadda suke kwance a bayan lambunmu take bi, daga gabas zuwa yamma.

Na farko a lissafin nan ba ɗanta ba ne, ƙanin mijinta ne. Auta.

Baba Tsoho, mijin Kaka, a wani ƙauye na ƙasar Ingawa aka haife shi, can Katsina. Bai san shekarunsa ba. Abin da ya sani shi ne ya yi wayo a yunwar Kakalaba. Damina ta ƙi a 1913, yunwa ta biyo baya a 1914. Yakan ce sun ci dusa, sun ci tafasa ba gishiri, har gidan tururuwa suka riƙa tonawa suna neman ƙwayar hatsi. Yayyensa mata biyu suka mutu a mako guda. Ubansu ya ɗauki jaki ya nufi kudu neman dawa, ba a sake ganinsa ba, ba shi ba jakin. Aka bar uwar da yara biyu: Baba Tsoho, da jaririn da ke bayanta, wanda ya zama auta don babu wanda zai sake biyo shi.

Suka girma suna noman gandu ɗaya, ƙwarya ɗaya. Baba Tsoho ya auri Kaka, suka haifi namiji, sannan mace. Auta ma an kai masa kuɗin gaisuwa, ana jiran kaka a ɗaura aure. Sai yaƙin Hitila ya iso ƙauyen ta hanyar da ba wanda ya zata.

A 1942 Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, can ne kuwa babbar mahaƙar kuza ta Turawa. Yaƙi na ci, ba sa iya yi sai da kuza, sai suka juyo kan tsaunin Jos. Gwamna ya aika wa sarakuna, sarakuna suka aika wa hakimai, hakimai ga dagatai: kowane gari ya kawo mutum kaza. Shi ne abin da tsofaffinmu ke kira diban gwamna. Dubun-dubatar manoma aka kwaso daga lardunan Arewa, ba a daina ba sai 1944. Kaka takan ce a ƙauyensu mai akuyar sayarwa ya fanshi kansa, mai ɗan'uwa a fada ba a ma zo ƙofarsa ba. Gidan da ba uba kuwa, sunan Auta aka fara rubutawa.

Ba a kira Baba Tsoho ba. Uwarsu ce ta kira shi ɗaki da dare ta ce, “Ubanku ya tafi ban ga gawarsa ba. Wannan kam ka kai shi, ka dawo mini da shi.” Da safe ya je ya ce a rubuta har da shi.

A ƙasa suka yi tafiyar farko, sannan aka zuba su a jirgi. Daga Zariya akwai wani ƙaramin jirgi mai siririn dogo da ke hawowa Jos da Bukuru, wanda aka daina aiki da shi a 1957. Baba Tsoho ya ce in ya zo hawa, mutum zai iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya tarar da shi. Wannan kaɗai ne abin dariyar da ke cikin labarinsa.

Wanda bai taɓa kwana a kan tsaunin nan a watan Agusta ba, ba zai gane ba. Jos ta haura mita 1,200 a sama da teku. Ruwa ne dare da rana, ga hazo, ga iska mai shiga ƙashi. Mutanen da suka saba kwana a tsakar gida da ɗan bante, su aka zuba a bukkokin ciyawa masu yoyo, ba bargo, abinci ba ya isa. Aikin kuma a haƙa, a cika kwano, a ɗora a ka, a hau da shi bakin rami, a juye, a koma, ƙafa cikin ruwan sanyi tun safe har la'asar. A daminar 1943 Auta ya fara tari. Ciwon haƙarƙari ne. Kwana shida ya yi.

Babu likkafani. Da rigarsa da tabarmar da yake kwana a kai aka naɗe shi. Baba Tsoho ya ari shebur wurin heluma ya haƙa masa kabari a wani ɗan tudu da ke kallon ramin, ya jera duwatsu. Da wa'adin 'yan garinsu ya cika aka sallame su, ya raka su har tasha, ya ba su 'yan sulallan da ya tara da hular Auta su kai wa tsohuwa. Jirgi ya tashi, shi ya juyo.

A nan bakin Kaka da na Baba Tsoho suka rabu, kuma har suka mutu ba su haɗu ba. Shi yakan ce amana aka ba shi, tunda bai iya mayar da ita ba, ba zai bar ta a daji ita kaɗai ba. Ita kuwa takan taɓe baki ta ce, “Kunyar uwarsa ce ta hana shi komawa. Ya bar ni da goyo da tsohuwa a shekarar yunwa, yana can yana gadin duwatsu.” A shekarar nan ɗansu na fari ya mutu, ƙyanda ta same shi cikin rama. Tsohuwar ma ba ta ƙara shekara ba bayan an miƙa mata hular. Ina yaro ina bayan Kaka. Yanzu da na manyanta, na ga duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Ɗan farin nan yana can Ingawa, don haka ba ya cikin jerin bayan lambu. Kaka takan fara da shi a zuci, leɓenta kawai ke motsi. Ko yana raye ma ba za ta kira sunansa ba, ɗan fari ne.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 ta ɗaure kayanta, ta saɓa 'yarta, Goggo Babba, yayanta ya rako ta suna tambaya bariki-bariki har suka same shi. Ta ce ta tarar da shi baƙi ƙirin kamar gawayi, a wata bukka da ko akuya ba za ta yarda da ita ba, ya kewaye kabarin da kerana, ya share shi tas. “Gidan mamaci ya fi na mai rai kyau,” in ji ta.

Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Yana tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, masu shi sun san shi. Lokacin nan kamfani ya gama da ramin ya matsa gaba, ruwa ya cika shi ya zama kududdufi, gefensa duk tarin jar ƙasa da tsakuwa da ba ta fid da ko ciyawa. Baba Tsoho ya sayi goro da gishiri ya hau tudu wurin wani dattijon Birom da gidansa ke sama da wurin. “Da” muke ce masa, yadda Birom ke kiran dattijo. Ya roƙi a ba shi aron gefen ruwan ya noma. Dattijon ya dube shi ya dubi jar ƙasar, ya ce in har ya iya sa ta ta haihu, ya ɗauka. Sannan ya nuna tsakiyar kududdufin da sanda ya ce, “Gonar accar ubana tana ƙarƙashin ruwan can.” Na sa wannan a rubuce don 'ya'yana su sani: ƙasar da ta ci Auta, wani aka fara ƙwace wa ita.

Shekarar farko gero ya shuka, irin da Kaka ta ƙullo a bakin zanenta daga gida. Ya fito, ya yi rawaya, ya tsaya iya gwiwa. Mutanen Tudu suka yi dariya har suka gaji, sannan matar Da ta sauko da ƙwaryar acca da irin dauro. Su suka koya masa cewa dauro ba a shuka shi a bar shi, yafa shi ake yi a cire a dasa. Su suka koya wa Kaka sussukar acca da ƙafa, da surfenta, da rairaye yashin da ke cikinta, aikin da ta ce ya fi naƙuda. Har ta tsufa tana zagin acca, har ta tsufa kuma ba a fi ta iya gwate ba a ƙauyen.

Abin da shi ya kawo musu kuwa jigo ne. Mutumin Katsina ya san noman rani. Ya kafa gwafa biyu a bakin kududdufi, ya gicciya dogon itace, dutse a gindi, guga a baki. Ya tsara komaye, ya ja 'yan magudanai. Ƙasar ba ta da rai, sai ya riƙa bin jujin bariki da jaki yana kwaso toka da shara, da rani kuma ya roƙi Fulani su kwana da shanu a wurin. Shekara uku yana ciyar da ƙasa kafin ta fara ciyar da shi. Wani kukun Bature ne ya fara ba shi irin latas da karas da kabeji a ƙunshin takarda, ya ce uwargidansa na so, in ya yi zai saya. Kaka ta ce ranar da ta fara ganin latas ta tambaya wace dabba ce za ta ci. Yau ganyen nan ne ya gina mini gida a Rikkos, ya biya wa 'ya'yana makaranta.

Wasu leburorin da suka gaji da kwano suka ga abin da yake yi suka matso. Wani Bakano, wasu 'yan Bauchi biyu, wani Babarbare mai ɗinki. Kowa ya hau tudu da goronsa. Aka yi gida biyar, aka yi goma, aka ja masallacin ƙasa. Lokacin da na yi wayo mun kai gida ashirin da wani abu. Ana gayya tare da mutanen Tudu, su da tulun burkutunsu a gefe, mu da kununmu. Da salla a hau musu da tuwo da nama, da Kirsimeti su aiko da shinkafa da kaza mai rai, don mu yanka da kanmu.

Amma yatsun Kaka. Bari in koma kansu.

Bayan Auta, uku ne a jere, duk jarirai. Biyu ba su kai suna ba. Na ukun ya yi wata huɗu, sanyin Disamba ya tafi da shi. Asibiti yana nesa, kuma na kamfani ne da ma'aikatansa. Mata suka ce wabi take yi. Da aka haifi babana a 1951, ungozoma ta ɗauke shi ta kai kan juji ta ajiye kamar ba a so, wata tsohuwa ta je ta tsinto shi, aka yi masa lakabin 'yan wabi, Ajuji. Malamai na yanzu za su ce camfi ne, ni ma haka na ce. Sai dai ban taɓa iya faɗa wa Kaka haka ba, macen da ta haƙa rami uku a shekara huɗu.

Ta biyar yarinya ce mai bin babana. Agana ta shigo ƙauyen gab da samun 'yancin kai, ta kwashe yara bakwai. Kaka ta ce an keɓe su a wata bukka a bayan gari, ita kaɗai ke shiga, tana shafa mata man shanu da gashin kaza don hannu ba ya taɓuwa a jikin. Babana ya tashi da zanen a fuska. Shi ya sa da masu lamba suka zo ƙauyen shekaru bayan haka, wasu na ɓoye 'ya'yansu a rumbu, ita da kanta ta riƙa janyo yaran mutane tana kai su layi.

Na shida shi ne wanda ba ta iya wucewa da sauri. Yaro ɗan shekara bakwai, mai surutu. Ya bi Baba Tsoho lambu, guga ya kuɓuce, ya miƙa hannu. Kududdufin kuza ba kamar tafki ba ne da ake shiga a hankali, bakinsa a tsaye yake kamar rijiya, ƙasansa laka. Sai kwana biyu ya taso. Mutanen Tudu ne suka fito da shi da dogayen gora. Kaka ta yi shekara ba ta ci komai da aka shayar da ruwan nan ba, alhali da shi ake sayen hatsin da take tuƙawa. Ta sani, ta ce, amma maƙogwaronta ya ƙi.

Haihuwa goma ta yi, huɗu suka rayu.

Baba Tsoho na riske shi. Dogo ne marar magana, kullum da ƙaramar fartanya a kafaɗa. Duk Juma'a da safe kafin ya yi wanka sai ya shiga cikin keranar nan ya cire ciyawa, ya gyara dutsen da ya goce. Ya bar wani fili a gefen Auta da ba ya bari a sa kowa. A 1983, shekarar da ciwon bushiya ya yi wa Fulani ɓarna, aka sa shi a wurin. Shekara 40 cif yana jiran filin. Bai taɓa komawa Ingawa ba ko sau ɗaya. Shi ne na bakwai da ya kwanta a can. Ta takwas ƙanwata ce, ita ma ƙyanda.

Daga nan sai abubuwa suka yi sauƙi, shi ya sa ba ni da dogon labari a kansu. Kasuwar kuza ta faɗi a 1985, manyan injinan kamfanoni suka yi tsatsa a inda suke, barikoki suka zama kufai. Lambu kuwa ya tashi. Babana ya sayi injin ban ruwa, aka jingine jigo, motoci suka fara shigowa har bakin gona. Na yi sakandare, na dawo Jos na kama sana'a, na yi aure. Kaka ta rasu a 1999 a kan gadonta, da carbinta a hannu. Ita ce ta tara. A wurin zaman makoki wani tsoho ya ce Allah ya rufa mata asiri. Sai daga baya na gane girman maganar.

Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 Jos ta kama da wuta. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Taminus ta ƙone. A Nuwambar 2008 aka sake. Duk wannan bai taɓa ƙauyenmu ba, amma gaisuwa ta fara gajarta, samari na ɓangarorin biyu suka daina zama inuwa ɗaya. Na yi ɗaki biyu a gidana na je na durƙusa gaban babana na ce ya dawo gari. Ya ce, “In na tashi, wa zai yi wa mutanen nan shara?” Na ce Baba, mamaci addu'a yake so, ko daga ina. Ya ce, “Haka ne. Tashi ka kama hanya kafin yamma.”

Rikicin Janairun 2010 ya fara ranar Lahadi 17 ga wata a cikin gari. Zuwa Talata ya bazu Bukuru da ƙauyuka, aka sa dokar hana fita dare da rana. Da hantsi wayata ta yi ƙara.

“Kuna lafiya?”

“Lafiya lau, Baba. Ku fa?”

“Ana ta hayaƙi ta wajen Bukuru. Innarku da yara na kai su Tudu.”

“Baba, ku ma ku zauna can, don Allah.”

“Zan koma. Bari in kwance awakin nan kada su ƙone a ɗaure.”

Na ƙara kira bayan minti ashirin, tana shiga ba a ɗauka. Zuwa azahar ta daina shiga.

Dattijo Da ya daɗe da rasuwa. Ɗansa, sa'an babana, wanda muke kira Baba na Tudu, shi ya zuba mata da yara goma sha ɗaya a ɗakin da yake ajiye dankali, ya jera buhuna a ƙofar, ya zauna a waje da sandarsa. Kwana biyu suna ciki kafin motar sojoji ta kwashe su. Ba gida ɗaya da ya tsira a ƙauyenmu. Gwangwanin da babana ke ajiye takardun harajin Baba Tsoho tun na zamanin Turawa, da hoton Kaka guda ɗaya tak, duk sun tafi.

Da aka sassauta doka na bi ko'ina. Na je Masallacin Juma'a inda ake kawo gawawwaki, na buɗe fuskokin da har yau suke zuwar mini. Na ji ana ciro mutane daga rijiyoyi a Kuru Karama, na je na tsaya. Na bi asibitoci, na bi sansanonin gudun hijira har Toro a jihar Bauchi, inda Baffa da iyalinsa suka ƙare. Babu. Abu ɗaya aka tabbatar mini: an ga awakinmu suna yawo a bakin kududdufi, ba igiya a wuyansu. Ya kai gida ke nan.

A watan Maris aka shiga Dogo Nahawa da dare aka kashe mutane, yawancinsu mata da yara. Matar sa'ana, jikan Da, 'yan'uwanta na ciki. Na ji labari, na ɗauki waya in yi masa gaisuwa, na ajiye. Shi ma bai kira ni ba. Ba gaba muka yi ba. Nauyi ne kawai, kowa ya rasa da wace kalma zai fara.

Malamai suka zauna suka ce Inna ta shiga takaba, ta shiga, ta yi wata huɗu da kwana goma. Amma duk wanda ya zo ya ce mata ya haƙuri, sai ta dube shi ta ce, “Wa kuka binne?” Ta gaji gumbar daren Juma'a daga Kaka, tana yi a gidana. Takan naɗe yatsu tara ta tsaya, ta ce a kira yara.

A 2016 babban ɗana ya tashi neman gurbin karatu, aka ce sai da takardar shaidar asali. Inda muka je a nan aka ce mu nema a garinmu. Uban yaron a nan aka haife shi, kakansa a nan, amma na ce to. Na shiga mota har Ingawa, na yi kwana biyu ina tambaya kafin na sami ƙauyen. Suka karɓe ni da fura, suka yi mini shimfiɗa, sai dai ba wanda ya san sunan da nake faɗa. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wata makauniyar tsohuwa. Ta sa na maimaita sau biyu, ta yi shiru, can ta ce, “Af, gidan da Jas ta cinye.” Ta ce uwarta ce aka kai wa kuɗin gaisuwar Auta. Aka nuna mini inda gidan yake. Gonar gyaɗa ce. Na tsaya a kunya ina neman abin da zan ji a raina, ban ji komai ba sai zafin rana.

A Disambar 2021 ina tsaye ana auna mini kaya a Farin Gada, wani ya dafa ni ta baya. Sa'ana ne, ya kawo dankali, furfura ta cika masa kai kamar ni. Muka riƙe hannun juna muka kasa saki. Ya ce, “Baba ya ce in na gan ka in ce ka zo. Ƙarfinsa ya ƙare.”

Ban gaya wa Inna ba. Ranar Alhamis da sassafe na hau bayan babur ɗinsa.

Baba na Tudu yana kwance a rana an lulluɓe shi da bargo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama hannuna ya ce, “Ɗana, na riƙe masa riga. Wallahi na riƙe. Ya ce awaki.” Ya ce ya yi kwana uku yana bin rafi da ramuka yana nema. Na dubi idonsa. Ko akwai abin da ya sani ya bar wa cikinsa, ban tambaya ba, shi ma bai ƙara ba. Na ce masa mun gode da Inna da yara, maganar da ta yi shekara goma sha ɗaya a bakina.

Muka sauka ni da sa'ana. Inda gidajenmu suke, sai guntayen katanga da bishiyoyin turare. Lambun babana yana nan kore shar, kabeji ne a komayen da na san kowace kusurwarsu, injin wani yana ta bugawa a bakin ruwa. Su ke nomawa. Ba zan yi ƙarya ba, wani abu ya soke ni a ƙirji. Sai na tuna sandar Da tana nuna tsakiyar kududdufi, na haɗiye.

Keranar ta yi tsawo ta fi ni. Kunyoyin dankali sun zo har gindinta sun karkace sun kewaye ta. Na sunkuya na shiga ta 'yar ƙofar. Ba ciyawa ko ɗaya, ga sawun tsintsiya a ƙasa. Sa'ana ya tsaya daga waje ya cire hularsa, ya ce tun shekarar nan tsoho ya sa jikoki suke yi, duk ƙarshen wata. Na fara daga gabas ina taɓa duwatsun. Auta. Baba Tsoho a gefensa. Ƙanana uku. Mai agana. Na ruwa. Ƙanwata. Kaka. Na yi musu addu'a. Da na gama na rasa inda zan juya in yi ta babana, sai na fita na tsaya a bakin kududdufin, inda aka ga awakin, na yi a can.

Ya ɗaura mini rabin buhun dankali da kabeji huɗu, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Na iso gida bayan la'asar. Inna na zaune a tabarma, na ajiye kayan a gabanta na faɗa mata inda na je. Ta daɗe tana kallon kabejin. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta kankare jar ƙasar da ke gindinsa da farce.

“An share?”

“An share, Inna.”

“Wa ya share?”

“Mutanen Tudu.”

Ba ta ce komai ba. Ta miƙa wa matata kabejin ta ce a yanka a gwate. Bayan isha'i aka kawo mata faifan gumba, ta buɗe hannu ta fara naɗewa. Ta kai tara. Ina jiran ta ce a kira yara, sai na ga ta kama ɗan yatsan da ya rage ta riƙe shi.

“Da babanku,” ta ce, ta naɗe shi.

Sannan ta ce in leƙa waje in kira su.